Tarihin Ƙwayar Zarra da Jadawalin Sinadarai

Wata ranar Asabar muna cikin ajin shirin baftisma, sai wani saurayi ɗan makarantar sakandare ya ɗaga hannu. Ya ce an koya musu cewa dutse da ruwa da iska da jikin mutum duka taron ƙwayoyi ne ƙanana da ake kira ƙwayar zarra, an kuma jera irinsu duka a takarda guda mai gida 118. Ya ce, "To, Malam, in haka ne, ina wurin Allah a ciki?" Sauran yara suka yi tsit suna duban bakina. Ni kuwa karatuna a firamaren mishan ya tsaya, ban taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Na ari littattafansa, na tambayi waɗanda suka fi ni sani, na bi labarin takardar nan tun daga tushe. Abin da na samu shi ne nake so in shimfiɗa a nan, gama na sani ba a ikkilisiyarmu kaɗai ake yin wannan tambaya ba. Akwai iyayen da suke tsoro kada kimiyya ta raba 'ya'yansu da bangaskiya, akwai kuma samarin da suke tsammani ta riga ta raba su. Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka bari mu fara da sanin labarin.

Abin da kakanni suka riga suka sani

Tun kafin a gina makarantar boko a ƙasashenmu, mutanenmu suna aiki da sinadarai. Maƙera suna haƙo tama, su narke ta da gawayi su fid da baƙin ƙarfe. Ayarin raƙuma yana kawo gishiri daga Bilma da Fachi, ana kuma ɗauko kanwa daga Manga da bakin Tafkin Chadi. Mata suna tace toka su dafa sabulu. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san zinariyar Asante. Haka yake a zamanin Littafi Mai Tsarki. A Littafin Ƙidaya sura 31 aya 22 an ambaci ƙarafa shida wuri ɗaya, wato kuza da darma da baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa da zinariya. Mutanen dā sun kuma san zaiba da gawayi da farar wuta.

Sun san yadda za su yi aiki da waɗannan abubuwa, amma ba su san wanne ne tsantsa wanne ne haɗi ba. A nan sai mu rarrabe kalmomi biyu. Sinadarin asali shi ne abin da ba za ka raba shi ya zama waɗansu abubuwa dabam ba, ko ka ƙone shi, ko ka narke shi, ko ka jiƙa shi. Zinariya haka take, baƙin ƙarfe ma haka. Haɗi kuwa shi ne abin da sinadaran asali biyu ko fiye suka kama juna suka zama. Ruwa haɗi ne, gishiri haɗi ne, kanwa ma haɗi ce. Ɗan adam ya yi shekaru fiye da dubu biyu kafin ya iya rarrabe su sosai.

Gardamar Helenawa

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, akwai wani masani Bahelene mai suna Dimokiritus. Tunaninsa kamar na mai daka gero ne. Ka daka ya zama tsaki, ka ƙara ya zama gari, ka niƙa garin ya ƙara laushi. Ya ce in aka yi ta yin haka, dole a kai ga wata ƙwaya wadda ba ta rabuwa kuma. Ya kira ta atomos, wato abin da ba ya yankuwa. Aristotal bai yarda ba. Shi ya bi masu cewa kome daga abu huɗu yake, ƙasa da ruwa da iska da wuta. Da yake sunansa ya fi girma, maganarsa ce ta ci makarantu kusan shekara dubu biyu. Ba ɗayansu da ya auna kome, da baki kawai aka yi gardamar.

Bayan Dimokiritus, wani mai suna Abikuri ya ɗauki koyarwar ya ƙara mata nasa. Ya ce ran mutum ma ƙwayoyi ne, yana watsewa ranar mutuwa, alloli kuma ba ruwansu da duniya. Mabiyansa suna cikin waɗanda suka yi muhawara da Manzo Bulus a Atina, kamar yadda aka rubuta a Ayyukan Manzanni sura 17. Wannan ne ya sa Kirista na farko suka yi ɗari-ɗari da zancen ƙwayar zarra. Ashe tambayar saurayin nan tsohuwa ce. Abin lura kuwa, Bulus da kansa ya mori kalmar nan ta Helenanci a 1 Korantiyawa 15:52, inda yake nufin ɗan lokacin da ba ya rabuwa saboda ƙanƙantarsa. A ƙarni na 17 wani limamin coci Bafaranshe, Pierre Gassendi, ya farfaɗo da koyarwar. Ya ce ba dole mai yarda da ƙwayoyin ya bi Abikuri ba, gama Allah yana da iko ya halicci ƙwayoyi ya ba su tsari.

Masu neman zinariya

A tsakanin waɗannan zamanai, masanan ƙasashen Musulmi irin su Jabir ɗan Hayyan da Arrazi sun gyara hanyoyin tacewa da narkarwa da tara tururi. Daga Larabcinsu muka sami kalmar kimiyya. Su da Turawan da suka gaje su da yawa sun yi ta neman dabarar mai da darma zinariya. Ba su samu ba, amma garin nema suka tsinci waɗansu abubuwa. A shekara ta 1669 wani mutumin Hamburg a Jamus, Hennig Brand, ya tara fitsari mai yawa ya yi ta dafawa, yana tsammani launinsa alamar zinariya ce. Abin da ya fito wani farin abu ne mai haske cikin duhu. Shi ne fosforas, wanda yau yake jikin kwalin ashana da cikin takin zamani.

Wanda ya fara juya akalar shi ne Robert Boyle, wanda ya buga littafinsa a 1661. Ya ce a daina karɓar magana don girman mai faɗinta, a gwada a gani. Boyle mai bi ne na ƙwarai. Da kuɗinsa aka buga Littafi Mai Tsarki cikin harshen mutanen Ailan, da Linjila cikin harshen Malay.

Ma'auni ya shigo

A 1774 Joseph Priestley, wani mai wa'azi a Ingila, ya tara hasken rana da madubi ya zafafa jar hodar zaiba. Wata iska ta fito wadda kyandir yake ci da ƙarfi a cikinta, ɓera kuma yana daɗewa da rai. Carl Scheele na Suwidin ya riga ya same ta shi ma. Amma Antoine Lavoisier na Faransa ne ya gane abin da take, ya sa mata suna oksijin. Makaminsa ma'auni ne. Yakan auna abu kafin ya ƙone shi, ya tare hayaƙin da tokar ya sake aunawa, sai ya ga nauyin bai ragu ba bai ƙaru ba. Itacen da muka ƙone bai ɓace ba ke nan, ya sāke kama ne. Ya kuma nuna ruwa haɗin oksijin ne da haidurojin, da haka maganar Aristotal ta faɗi. A 1789 ya buga jerin sinadaran asali 33. Akwai kuskure a ciki, gama ya sa haske da zafi. Matarsa Marie-Anne ita ce take zana masa kayan aiki tana fassara masa littattafan Ingilishi. Da yake yana cikin masu karɓar haraji na sarki, masu juyin mulki suka sare kansa ran 8 ga Mayu 1794.

Sai John Dalton, ɗan masaƙi, daga cikin masu bi da ake kira Kwaka, wanda ya fara koyarwa a makarantar ƙauye yana da shekara 12. Ya lura cewa sinadarai suna haɗuwa bisa ƙayyadadden mudu kullum. A cikin ruwa, ko na rijiya ko na sama, kowane awo 1 na haidurojin yana tare da awo 8 na oksijin. Ya ce dalilin shi ne kowane sinadari yana da irin ƙwayarsa mai nauyinta, ƙwayoyin kuma suna haɗuwa ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, ba a gutsura su. Ya buga wannan a 1808. Shi ma ya yi kuskure, ya zaci ƙwaya ɗaya ce ta haidurojin a ruwa, alhali biyu ne.

A 1807 Humphry Davy ya bi da lantarki cikin narkakkun sinadarai ya fid da ƙarafa biyu da ba wanda ya taɓa gani. Ɗaya fotasiyam, wanda yake cikin tokar murhu. Ɗayan sodiyam, wanda yake cikin kanwa da gishiri, ƙarfe ne mai taushi da wuƙa take yankawa, in an jefa shi a ruwa sai ya yi ta tafasa har ya kama wuta. A 1810 ya nuna kulorin ma sinadarin asali ne, iska ce mai dafi. Waɗannan biyu masu haɗari, sodiyam da kulorin, su ne suka haɗu suka zama gishirin da muke sa wa miya.

Neman tsari

Sinadarai suka yi ta ƙaruwa kamar kaya a zube a kasuwa ba rumfa. A 1829 Johann Döbereiner na Jamus ya lura waɗansu suna tafiya uku-uku kamar 'yan ɗaki ɗaya, misali kulorin da buromin da aidin, nauyin na tsakiya kuma yana kusa da rabin jimlar sauran biyun. Amma masana ba su daidaita a kan nauyin ƙwayoyin ba, kowa da lissafinsa. Sai a Satumba 1860 aka yi taro a Karlsruhe, masana wajen 140 suka hallara, inda Stanislao Cannizzaro na Italiya ya nuna hanyar samun nauyin daidai.

A 1865 John Newlands na Ingila ya jera sinadarai daga marar nauyi zuwa mai nauyi, ya ga na takwas yana kama da na fari. Kamar kwanakin mako ne, in ka fara ƙirga daga Lahadi, rana ta takwas Lahadi ce kuma. Da ya kai maganar gaban ƙungiyar masana a London, aka yi masa ba'a, wani ma ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa haruffan sunayensu. Sai a 1887 aka ba shi lambar girma.

Cikin waɗanda suka zauna a taron Karlsruhe akwai wani saurayi daga Rasha mai shekara 26, Dimitiri Mendeleyef. An haife shi a 1834 a Tobolsk cikin Siberiya, shi ne auta a gida mai 'ya'ya fiye da goma. Kakansa limamin coci ne. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya makance, daga baya ya rasu. Uwarsa Mariya ta riƙe gidan da masana'antar gilashi, ita ma ta ƙone a 1848. Matar nan ba ta karaya ba. Ta ɗauki autanta suka yi tafiyar kilomita wajen dubu biyu zuwa Mosko, aka ƙi karɓarsa, suka wuce Petersburg, inda ya shiga kwalejin horon malamai a 1850. A shekarar nan ta rasu, ba ta ga abin da ɗanta ya zama ba. Iyaye mata da suke sayar da ƙosai da ƙuliƙuli don biyan kuɗin makaranta, 'yar'uwarku ce wannan.

Gidajen da aka bari ba kowa

A 1869 Mendeleyef yana rubuta wa ɗalibansa littafi, yana neman hanyar da zai bi ya koyar da sinadarai 63 da aka sani a lokacin. Ya jera su bisa nauyi, ya kuma sa masu hali ɗaya a layi ɗaya, kamar yadda kalanda take sa dukan Lahadi a jeri guda. Lothar Meyer na Jamus ya yi kusan irin wannan aiki a lokaci ɗaya, har aka haɗa su aka ba su lambar girma a 1882. Amma Mendeleyef ya yi abu biyu na ƙarfin hali.

Na fari, inda nauyi da hali suka saɓa, ya bi hali. Teluriyam ya fi aidin nauyi kaɗan, amma ya sa shi a gaba, domin aidin ya zauna tare da danginsa kulorin. Na biyu, inda bai sami sinadarin da ya dace da gida ba, bai cusa wani don ya cike takarda ba. Ya bar gidan ba kowa, ya ce mai gidan yana nan, ba a same shi ba tukuna. A 1871 har ya faɗi nauyin uku daga cikinsu da halinsu.

Masana da yawa suka ɗauka cika baki ne. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya sami sabon ƙarfe ya sa masa suna galiyam. Ya auna ya ce ya fi ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleyef, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya rubuta cewa a sake aunawa, gama ya kamata ya kai wajen 5.9. Mutumin ya tace ƙarfen sosai ya sake aunawa, ya sami 5.9. A 1879 aka sami sikandiyam a Suwidin. A 1886 Clemens Winkler ya sami jamaniyam a Jamus. Mendeleyef ya ce nauyin ƙwayarsa zai zama 72, aka auna aka sami 72.6. Daga nan bakin masu ba'a ya mutu.

Kada mu mai da shi annabi. Waɗansu sinadaran da ya ce za a samu babu su sam. Bai kuma san da dangi guda ba ɗungum, wato iskokin da ba sa haɗuwa da kowa, irin su argon da aka samu a 1894, da niyon a 1898. Aka buɗe musu sabon layi a gefe, jadawalin ya karɓe su bai rushe ba. Ya rasu a 1907, yana sane cewa tsarin gaskiya ne, amma bai san dalilinsa ba.

Abin da yake cikin ƙwayar

Dalilin yana cikin ƙwayar kanta. Ƙanƙantarta ta wuce misali, in aka jera su a layi sai miliyoyi sun shiga milimita ɗaya. Duk da haka, a 1897 J. J. Thomson a Kambirij ya nuna akwai abin da ya fi ta ƙanƙanta a cikinta, wato ilektoron, wanda gudunsa cikin waya shi ne wutar lantarki. Ashe abin da aka ce ba ya yankuwa yana yankuwa.

A 1909 a Manchester, Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka yi ta harbin wani fallen zinariya siriri ƙwarai da ƙananan ƙwayoyi masu gudu. Kusan duka suka wuce kamar ba kome a gabansu, amma ɗaya cikin dubbai takan dawo baya. A 1911 Rutherford ya bayyana ma'anar. Kusan dukan nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule a wata 'yar cibiya a tsakiya, sauran wurin fili ne inda ilektoron suke kewayawa. In cibiyar ta kai ƙwayar gero, ƙwayar zarrar za ta kai filin ƙwallo.

A cikin cibiyar akwai furoton, akwai kuma niyutoron, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Furoton da ilektoron suna ɗauke da ƙarfin lantarki iri biyu masu jan juna, niyutoron kuwa ba ya ɗauke da ko ɗaya, nauyi kawai yake ƙarawa. A 1913 wani saurayi, Henry Moseley, ya nuna cewa abin da yake ba sinadari gidansa shi ne yawan ƙarfin lantarkin cibiyarsa, wato yawan furoton. Haidurojin yana da 1, kabon na gawayi 6, oksijin 8, baƙin ƙarfe 26, kuza 50, zinariya 79, darma 82. Teluriyam 52 ne, aidin 53, ashe Mendeleyef ya yi daidai da ya juya su. Nan kuma muka ga abin da ya sa masu dafa darma ba su sami zinariya ba, gama wutar maƙera ba ta isa cibiya. Moseley ya nuna sauran gidajen da ba kowa, 43 da 61 da 72 da 75, an kuwa cike su duka daga baya. Shi kansa harsashi ya kashe shi a Gallipoli ran 10 ga Agusta 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 27.

A 1913 ɗin nan Niels Bohr na Denmak ya bayyana cewa ilektoron suna zama hawa-hawa kamar fallen albasa. Hawa na fari yana ɗaukar 2, na biyu 8. Waɗanda suke hawan waje su ne suke ba sinadari halinsa. Sodiyam yana da 11, wato 2 da 8 da 1, guda ɗaya ya yi saura a waje, yana neman inda zai ba da shi. Kulorin yana da 17, wato 2 da 8 da 7, saura ɗaya ya cika takwas. Wannan ya bayar, wancan ya karɓa, suka kama juna, suka natsu, shi ne gishiri. Fotasiyam ma guda ɗaya gare shi a waje, don haka yake layi ɗaya da sodiyam. Niyon da argon kuwa hawansu na waje a cike yake, shi ya sa ba sa neman kowa. Masanan da suka biyo baya sun gyara hoton Bohr ƙwarai, amma wannan ya isa ya nuna mana dalilin da hali yake komowa kamar ranar kasuwa. A 2016 aka sa wa gidaje huɗu na ƙarshe suna, jadawalin ya cika 118, jeri 7 a kwance, layi 18 a tsaye. Gida na 101 sunan Mendeleyef yake ɗauke da shi.

Gida na 92

Akwai gida ɗaya da ya shafe mu ƙwarai. A 1789 Martin Klaproth ya gano yuraniyam. A 1896 Henri Becquerel ya ga yana fid da wani haske da ido ba ya gani. Marie Curie da mijinta Pierre suka bi sawun hasken, suka gano foloniyam da radiyam a 1898. Hasken nan ana kashe ciwon daji da irinsa, ana kuma ganin shi ne ya lalata jinin Marie har ta rasu a 1934. A ƙarshen 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka fasa cibiyar yuraniyam a Berlin, Lise Meitner da Otto Frisch suka bayyana abin da ya faru da irin ƙarfin da yake fita.

Shekara bakwai ba su cika ba aka jefa bom na yuraniyam a Hiroshima, ran 6 ga Agusta 1945. Yawancin yuraniyam ɗin da Amurka ta fara aikin da shi daga ramin Shinkolobwe na ƙasar Kwango aka haƙo. Bayan kwana uku aka jefa na biyu a Nagasaki, ya fashe kusa da babban cocin Urakami, unguwar da Kirista suka fi yawa a birnin, dubbansu suka mutu tare da maƙwabtansu.

A 1957 aka ga yuraniyam a Azelik cikin ƙasar Nijar. A 1971 aka fara haƙa a Arlit, a 1978 kuma a ramin Akouta, wanda aka rufe a 2021. Shekaru da yawa dutsen Ayar ya ba biranen Turai wuta, alhali ƙauyuka da yawa na ƙasar da aka haƙo shi suna kwana da fitilar hannu. Mutanen wurin sun daɗe suna kuka a kan ƙura da ruwan sha da tulin ƙasar da aka bari. Wane ne zai auna ruwan nan ya faɗa wa jama'a gaskiya, in ba mu da 'ya'yan da suka san gida na 92?

Ba yuraniyam kaɗai ba. Haruffan N da P da K da manomi yake gani a buhun taki alamun naitirojin da fosforas da fotasiyam ne. Aidin da ake sa wa gishiri shi ne yake hana maƙoƙo. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai ciki a asibiti baƙin ƙarfe ne a cikinta. Kulorin da aka kashe sojoji da shi a 1915, shi ne kuma ake tsabtace ruwan famfo da shi a hana kwalara.

Amsar da na ba saurayin

Bayan makonni na koma aji da takardar a hannu. Na ce masa malaminsa bai yi ƙarya ba. Jikinmu oksijin ne da kabon da haidurojin da naitirojin, su huɗu sun kai kashi 96 cikin 100 na nauyinsa, sauran kuwa irin su kalsiyam na ƙashi da baƙin ƙarfe na jini. Dukansu suna cikin ƙasa da ruwa da iska. Mai karanta Farawa sura 2 ba zai yi mamaki ba, gama an riga an faɗa mana daga turɓaya aka yi mu.

Ban ce masa dukan masanan nan masu bi ne ba, domin ba haka ba ne. Boyle da Dalton da Thomson masu ibada ne. Priestley mai wa'azi ne, amma bai yarda da Triniti ba. Marie Curie ta bar bangaskiyar ƙuruciyarta, Mendeleyef ma ya yi nisa da cocin kakansa. Jadawalin ɗaya ne a hannun mai bi da marar bi. Yana faɗa mana irin tubalin da aka yi ginin da shi da yadda aka jera. Bai faɗi wanda ya yi ginin ba, ko abin da ya sa aka yi, bai kuma faɗa wa kowa ko ya yi magani da yuraniyam ko ya yi bom ba. Ni da nake mai bi, in na ga tsarin da ya sa mutum ya faɗi nauyin ƙarfen da bai taɓa gani ba, sai in yabi Mahalicci. Amma bangaskiyata a kan Almasihu take tsaye, da an sami galiyam da ba a samu ba.

Na kuma roƙe shi ya koyi abu ɗaya daga Mendeleyef, wato inda bai sani ba ya bar gidan ba kowa, kada ya cike shi da ƙarya don kunya. Wannan gargaɗi ya shafe mu mu masu koyarwa a coci ma.

Saurayin ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, su ƙwayoyin, daga ina suka fara?" Na ce masa masana sun nuna cewa haidurojin tun farkon sararin sama yake, yawancin sauran kuwa a cikin taurari aka ƙera su. Wanda ya fara kawo maganar cewa sararin sama ya faro ne daga dunƙule guda, a 1931, wani limamin coci ne na Beljiyam, Georges Lemaître, shi ne kuma ya gargaɗi 'yan'uwansa kada su mai da lissafinsa hujjar wa'azi. Mun shirya za mu karanta labarinsa tare bayan girbi. Ku iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta kawo takardar nan mai gida 118, kada ku tsorata. Ku shimfiɗa tabarma, ku sa ta nuna muku gidan gishiri da na ƙarfe, ku kuma yi addu'a Ubangiji ya ba ta ilimi tare da tsoronsa.